Randuna Goma Sha Biyu da Aka Fasa Mana a Bakin Ngadda

Zuwa ga mai girma Shugaban Duba-gari na ɓangaren bakin kogi, a Yerwa.

Daga Falmata 'yar Jidda, ta unguwar Mafoni, mai riƙe da mabuɗin ɗakin sanyi na masu lambun bakin kogin Ngadda, ko in ce wadda take riƙe da shi har zuwa Litinin ta makon jiya.

Ranka ya daɗe, ina miƙa gaisuwa irin wadda talaka ke yi wa na gaba da shi. Ina gaishe ka da aiki, ina gaishe ka da wannan zafi na bazara, ina gaida iyalinka manya da ƙanana. Wushe, wato sannu, da ƙoƙari. Allah ya ƙara girma, ya sa ka gama da mutane lafiya.

Bayan haka, ni ban iya rubutu ba. Goni Usman, mai rubuta wa mutane wasiƙa a bakin kasuwa, shi ke riƙe da alƙalami, ni ke magana. Tun ba mu yi nisa ba ya ajiye alƙalamin sau biyu yana cewa, Ya Falmata a sassauta, babban mutum ake rubuta wa. Na ce ya rubuta ta yadda ta fito daga bakina, in da laifi nawa ne. Na kuma sa ya juya ta gida uku: ɗaya taka, ɗaya ta Bulama mai unguwarmu, ɗaya za a karanta wa jama'a a kasuwa. Ba don in tozarta ka na yi haka ba. Sau biyu ina zuwa ofishinka da ƙafata. Zuwan farko aka ce ka fita rangadi. Zuwa na biyu masinja ya dube ni sama da ƙasa, ya ce maganar mai sayar da tumatir ba ta kai a shigar da ita gabanka ba. To, tunda ƙofa ta ƙi buɗuwa, zan faɗi maganata a fili.

Ga abin da ya faru a taƙaice. Ran Litinin ta makon jiya wani ma'aikacinka ya shiga ɗakin sanyinmu, ya sa aka fasa randa goma sha biyu cikin goma sha tara, ya karɓe mabuɗina, ya garƙame ƙofar da kwaɗonsa, kayanmu na ciki. Ya ce ran Alhamis mai zuwa za a zo a fasa bakwai ɗin da suka rage, a cike ramin da ƙasa. Yau Juma'a, kwana goma sha ɗaya ke nan. Kwana shida suka rage mana, shi ya sa ba ni da lokacin lallashi.

Na ɗaya, ina so ka san mene ne wannan ɗaki, domin na tabbata a takardar da aka kawo maka an rubuta rami mai ruwa, shi ke nan.

Ni ba 'yar lambu ba ce tun asali. Mutanenmu makiyaya ne, a bayan shanu aka haife ni, a bayan shanu aka yi mini aure. Shekarar yunwar nan da ruwa ya ƙi sauka, lokacin garin nan yana sabo, bukkoki sun fi soraye yawa, shanun maigidana marigayi Adam suka kwanta ɗaya bayan ɗaya, har aka bar mu da igiyoyi da ƙorai. Muka shigo Yerwa da jaki ɗaya. Mutanen bakin kogi, Allah ya saka musu da alheri, suka yanka mana ɗan wuri, suka koya wa Adam jan jigo na ban ruwa. Mutumin da bai taɓa sunkuyawa ya taɓa ƙasa ba sai ga shi yana dashen tumatir, hannunsa duk kanta.

Sai muka tarar wahalar lambu ba a shuka take ba, a bayan tsinka take. Ka san bazarar garin nan. Tumatirin da aka tsinka da asuba, kafin azahar ya saki jiki ya fara zubar da ruwa. Lemun tsami kwana uku ya yamushe. Gwanda kuwa ba a magana. Dillalan kasuwa sun san haka sarai, sai su sami inuwa su zauna suna cin goro, ko kallonmu ba sa yi, sai rana ta karkata kaya sun fara lalacewa sannan su miƙe su ɗauka yadda suka ga dama. Wanda ya ƙi, ya koma gida ya zuba wa awaki. Mun yi shekara uku a haka, mu ke shan rana, wasu ke cin moriya.

A gidan Ya Kaltum maginiyar tukwane abin ya samo asali. Maƙwabciyata ce, ta girme ni da shekara ashirin ko fiye. Mu matan makiyaya mun saba binne goran madara a jiƙaƙƙen yashi don kada ta yi saurin tsami. Wata rana na dawo kasuwa da ragowar lemu, na tsaya hira a gidanta, na tura su cikin yashin gindin randarta, na tashi na manta. Sai bayan kwana tara ta tono su tana shara, suna nan kore shar kamar ranar aka cire su daga bishiya. Ta kawo mini su a faifai, ta ce, Falmata, in randa ɗaya ta yi wannan, randa ashirin fa? Da muka kai wa maza maganar dariya suka yi mana, wani ya ce mata sun fara gina wa lemu gida. Adam bai yi dariya ba, washegari ya ɗauki diga.

Gida bakwai suka haɗu aka haƙa ramin a kan tudu, gindin tsamiya, inda ambaliya ba ta kaiwa. Zurfinsa tsayin mutum da rabi. Aka rufe shi da azara da zana da ƙasa, aka bar kafar iska biyu a sama. Mu mata muka yi ta jido yashin kogi a ka har ya kai gwiwa. Ya Kaltum kuwa rani uku ta yi tana ginin randunan. Kowace tana kai wa mutum ƙirji, maza biyu ba sa haɗa hannu in sun rungume ta, sai ta shiga ciki tsundum take shafe ta. Akwai yadda take kwaɓa yumɓun da ƙaiƙayi don randar ta riƙa gumi, domin gumin nan shi ne sanyin. Ashirin ta yi niyya, ta ƙarshe ta tsage a wuta, ta ce Allah bai nufa ba, aka tsaya a goma sha tara. Aka binne su a yashi har ƙugu, tun ran nan ba wadda ta motsa daga inda aka kafa ta.

Kada ka zaci mun iya tun farko. Shekarar farko muka toshe kafofin iskar wai kada sanyi ya gudu, fumfuna ta cinye mana komai, har zanar rufin ta yi furfura. Shekara ta biyu muka zuba albasa, ta yi tsiro ta cika ɗakin kamar gona. Da asara muka koyi abin da ke shiga da abin da ba ya shiga. Yau gida talatin da ɗaya ke cikin wannan haɗin, Barebari da Shuwa da Hausawa da mutanen kudu, kowane gida da gadon karansa da yake jera kwanduna. Ba mu da sarki, ba wanda ke biyan ko anini. Abin da ke kan kowa ranar ruwa ce: in ranar gidanku ta zo, ku cika randuna kafin rana ta fito, ku yayyafa wa yashi. Wanda ya yi sakaci da ranarsa, a fito da kwandunansa su wuni a rana, kuma sau biyu kaɗai na ga an yi wa wani haka. Mara lafiya da mai takaba maƙwabta ke ɗaukar musu. Da Adam ya rasu jama'a suka ɗora mini mabuɗin, shekara tara ke nan yana ɗaure a bakin zanena.

A cikin ɗakin nan tumatir yana kwana shida da ƙarfinsa, lemu yana wata guda. Mai zazzaɓin da ya kwana yana marmarin ruwan lemu a tsakiyar bazara, wurinmu ake aikowa. Kukun Turawan filin jirgi a kan keke yake zuwa har bakin ƙofa. Ranka ya daɗe, ka tambayi mai yi maka cefane inda yake samo tumatir mai ƙarfi a watan da ko ciyawa ta ƙone.

Na biyu, maganar sauro, tunda da sunansa aka yi mana wannan aiki.

Ma'aikacinka yana ganin shi ya fara gano cewa kwantaccen ruwa yana haifar da sauro. Haba! Shekara ta uku da gina ɗakin sauro ya kore mu daga ciki, ba ka isa ka shiga da baki buɗe ba. In ka leƙa randa sai ka ga 'ya'yansa suna wutsil-wutsil a saman ruwa. Har an fara cewa a haƙura a bar ɗakin. Wani da ake kira Ba Mala, masunci ne da ya haɗa da lambu, ya tafi kogi ya dawo da gora cike da 'ya'yan kifin karfasa, ƙanana kamar ɗan yatsa. Ya zuba uku-uku a kowace randa, ya ce a ba su mako guda. Wallahi kafin makon ya cika ruwan ya yi garau, ba ko ɗan sauro ɗaya da ya rage.

Tun daga nan ya zama doka a wurinmu. Wanda ke da ranar ruwa sai ya leƙa kowace randa ya ga kifinta uku suna nan, in ɗaya ya mutu ya sanar da Ba Mala kafin hantsi. In kifi ya kai tafin hannu a mayar da shi kogi a kawo ƙarami. Ba wanda ke cin kifin randa ko da yunwa za ta kashe shi, domin Ba Mala ya ce ma'aikatanmu ne, ba a cin wanda ya yi maka aiki. Sama da shekara ashirin muna wannan, tun kafin a ɗinka wa wani kaki a ba shi ludayi ya riƙa bin gidajen mutane.

Na uku, abin da ya faru ran Litinin, kuma zan faɗe shi har da nawa laifin.

Da hantsi ma'aikacinka ya iso, wani dogo mai tabarau, da ludayinsa da littafinsa, lebura biyu na bin sa da guduma. Bai yi sallama ba, amma na gaishe shi, na ɗebo masa ruwa daga tulun sha. Bai karɓa ba. Ya sauka ɗakin ya fara tsoma ludayi, ina tsaye kusa da shi. Kowace randa sai ya ɗebo, ya kai bakin ƙofa wurin haske, ya ƙura ido, ya zubar. Goma sha takwas ya yi haka, bai ga komai ba. Na san bai gani ba, domin da ya gani da ya nuna mini, kuma sai ƙara ɗaure fuska yake yi kamar mun ɓoye masa wani abu.

A randa ta ƙarshe ɗan kifi ya shiga ludayin. Yana ɗagowa kifin ya yi tsalle ya faɗa masa a gaban riga. Mutumin ya yi baya da sauri, ya saki ƙara, tabarau ya faɗi a yashi. Leburorin suka tuntsire da dariya. Ni ma, Allah ya yafe mini, na dara. Ban iya riƙe ta ba. Kwana goma sha ɗaya ke nan ina cizon yatsa a kan wannan dariya, domin a zuciyata na san ita ta fasa mana randuna, ba sauro ba.

Ya ɗauki tabaransa ya goge, fuskarsa ta sauya. Ya ce wannan ƙazanta ce, kifi a ruwan sha. Na ce ba ruwan sha ba ne, ga tulun sha can a waje da murfinsa. Na yi masa bayanin kifin tiryan-tiryan kamar yadda na yi maka yanzu. Ya buɗe littafinsa ya ce ba inda aka ambaci kifi a ciki, abin da aka rubuta shi ne kowace randa a juye ta a kife ta sau ɗaya a mako ta bushe. Na ce, ɗana, dubi girmansu, dubi inda suke a binne, wa zai kife waɗannan? Ya ce randar da ba ta kifuwa fasa ta ake yi. Na roƙe shi ya jira a kirawo Bulama, ya ƙi. Na roƙe shi ya koma ya tambaye ka, ya ce a nan wurin shi ne kai. Na durƙusa masa, ni da na haifi wanda ya girme shi. Ko a jikinsa. Ya ce wa leburori su fara.

Ranka ya daɗe, ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Randa mai cike da ruwa in an doke ta ba fashewa kawai take yi ba, wani irin nishi take yi sannan ruwan ya ɓalle. Kafin ka ce me ruwa ya kai idon sawu, kifaye suna ta birgima a kan yashi, leburori na taka su.

Ya Kaltum tana da rai, in ba a gaya maka ba. Ta haura tamanin, shekara shida ke nan ba ta gani, bukkarta tana nan kusa da tsamiyar. Bugun farko ta ji. Sai ga ta tana lalube da bango, ba sanda, ba ɗankwali. Da can in ta shigo ɗakin takan bi randunan tana ƙwanƙwasa su da ɗan yatsa, kowace ta san muryarta. Tana saukowa matakala, duk wadda aka doka sai ta kira ta. Ta ce wannan Mai Wuya ce. Ta ce wannan ita na gina shekarar da na aurar da autata. Ta ce wayyo, ta kusa da ƙofa ke nan, ita ta fi duka sanyi. Ba ta yi kuskure ko ɗaya ba, mu da muke da ido muna kallo. Ta ratsa ruwan, kasko ya yanke ta a ƙafa, ba ta tsaya ba, sai da ta lalubo ta goma sha uku ta zauna ta jingina bayanta da ita. Ta ce wa mai gudumar, ɗana, fara da ni, na girme ta, kuma na fi ta sauƙin fasawa.

Leburan ya tsaya da guduma a sama, sannan ya sauke ta a hankali ya ajiye. Ya ce da Barbarci shi ba zai ɗaga ƙarfe a kan sa'ar kakarsa ba, in korarsa za a yi a kore shi. Ɗayan ma ya ajiye tasa. Ina roƙonka kada a taɓa aikin mutanen nan biyu, su kaɗai suka ji kunya a ranar. Ma'aikacinka ya yi ta faɗa, suka ƙi ɗaukar gudumar. Da ya ga ba yadda zai yi, ya sa aka ciccibi tsohuwar aka fitar, ya kore mu duka, ya karɓi mabuɗina. Muka ce a bar mu mu kwashe kwandunanmu, ya ce hujja ce, ba mai taɓawa sai an zo cikewa.

Na huɗu, abin da kwaɗon nan ya haifar.

Kayan gida talatin da ɗaya suna ciki. Tun kwana na uku wari ya fara fitowa, yau mai wucewa ta hanyar kogi sai ya toshe hanci da bakin riga. Abin da muke tsinka yanzu kai tsaye yake tafiya kasuwa, dillalai kuwa sun koma inuwarsu da goronsu, har wani yana yi mini kirari wai sarauniyar sanyi ta shigo rana. Akwai Fanna, mijinta ya rasu bara ya bar mata marayu huɗu da bishiyar lemu biyar. Duk abin da bishiyoyin suka yi bana yana kan gadon karanta a cikin ɗakin nan, tana jiran tsakiyar bazara ta fitar da kaɗan-kaɗan ta ciyar da su har damina. Shekaranjiya na gan ta tana tsintar itace a bayan gari.

Amma ga wadda nake so ka saurara da kyau, domin aikinka ta shafa. Guduma daga kafaɗa zuwa sama ta fasa randunan. Gindinsu yana nan a binne cikin yashi, goma sha biyu, kowane da ruwa a ciki, yashin kuma ya sha ya ƙoshi ba inda ruwan zai tsotse. Kifin da ke tsaron ruwan ya mutu tun ranar. Ɗaki ga duhu, ga sanyi, ga ruɓaɓɓen kaya, ga ƙofa a kulle ba mai shiga. In da wani ya zauna ya yi shawarar yadda zai gina wa sauro gidan haihuwa, ba zai fi haka ba. Tun daren Laraba, da an kira magariba sai ya riƙa fitowa ta kafofin iskar nan biyu kamar hayaƙi. Ba Mala, da tsufansa, ya hau rufin ya ɗora tafin hannu a bakin kafa ɗaya, ya ɗago shi baƙi ƙirin. Gidajen da ke kusa sun daina cin tuwo a tsakar gida. Shekara ashirin da ɗoriya ɗakin nan bai fitar da sauro ba sai da hukuma ta zo kashe shi. Subhanallahi, wannan wane irin aiki ne?

Bakwai ɗin da suka tsira ma ba su tsira ba. Randar da ke gumi kullum ruwanta yana sauka yatsa huɗu, shi ya sa muke cika su kowace safiya. Wadda ta shekara ashirin a jiƙe, in wuyanta ya bushe tsagewa take yi ko ba a taɓa ta ba. Ban san ko kifinsu na da rai ba. Kuma in sun tafi sun tafi ke nan. Hannun Ya Kaltum ko ƙwarya ba ya riƙewa yanzu. Ramin da take ɗebo yumɓu an gina gidaje a kansa. Jikokinta suna gina tulu da tukunya, sun gwada babba sau huɗu tana tsagewa a wuta. Ba kasuwar da za ka je ka sayo irinsu, daga nan har bakin tafki. Da bakwai za mu iya tsare rabin ɗakin mu yi maneji da juna. In babu ko ɗaya, abin da gida bakwai suka fara, gida talatin da ɗaya suka riƙe, ya mutu a hannuna.

Tsohuwar kuwa kullum da safe sai ta lalubo ta zo ta zauna a bakin ƙofar, ƙafa a ɗaure da tsumma. Ba ta kuka, ba ta zagin kowa. Kunne take kangawa a jikin ƙyauren. Kunu ma sai an yi da gaske take kurɓa.

Na biyar, kada a gaya maka ni maƙiyiyar dokarku ce. 'Ya'ya biyu na binne da zazzaɓin damina, Hauwa da Musa, ɗaya tana tafiya ɗaya yana goye. Da kuka zo kuka ce sauro ke kawo shi ban musa ba, na ce da ma an sani tun da wuri. A gidana na Mafoni duk mako ina kife tukwanena, mutanenka sun sha shiga sun fita ba su sami abin rubutawa ba. Abin da nake tambaya ɗaya ne: dokar nan don sauro aka yi ta ko don randa? In don sauro ce, mun riga ta cika aikinta. In kuwa don randa ce, to a fito a faɗa mana, mu san da abin da hukuma take yaƙi.

Saboda haka ga roƙona, ranka ya daɗe.

A buɗe mana ƙofar nan gobe, ba sai jibi ba, mu kwashe ruɓaɓɓen kaya, mu tone gindin fasassun randunan mu zubar da ruwan, mu cika bakwai ɗin. Aikin wuni ɗaya ne, ba ma neman leburan kowa.

A janye maganar cike ramin.

Ba na neman a biya mu, domin ba abin da za a saya da kuɗin. Ba na neman a kori ma'aikacinka, yana da iyali, kuma ni na yi masa dariya a gaban na ƙasa da shi, na yarda zan ba shi haƙuri a gaban jama'a. Amma shi ma ya zo ya durƙusa ya gaida Ya Kaltum, ya ji sunayen abin da ya fasa daga bakinta.

A ƙara layi ɗaya a littafin nan nasu a kan kifi, don wanda zai zo bayansa ya san abin da yake gani.

Na ƙarshe, kuma shi ya fi mini duka: kafin ka sa hannu a kan komai, ka zo da kanka, ka zo da ludayinka. Ka tsoma a bakwai ɗin da muka tsare, ka tsoma a goma sha biyun da aka gyara mana. Ka kai kowane bakin ƙofa wurin haske ka duba. Abin da idonka ya gani ka yi hukunci da shi, ni Falmata ba zan ƙara ko kalma ɗaya ba.

Allah ya ja zamaninka, ya tsare ka da iyalinka daga zazzaɓi, ya ba ka tsufa mai kyau, ya sa abin da ka gina da hannunka kada a rushe shi kana ji. Allah ya haɗa ka da ma'aikata masu tambaya kafin su ɗaga hannu.

In kuwa Alhamis ta zo ba ka zo ba, ka gaya wa waɗanda za ka aiko kada su yi mamaki. Ya Kaltum ta ce ta goma sha uku tata ce, ana buɗe ƙofa can za ta nufa. Ni na ɗauki ta goma sha huɗu. Fanna ta ɗauki ta kusa da ni, sauran huɗun ma kowace da matar da za ta jingina da ita, har an yi rigima a kan ta ƙarshe. Ba za mu zagi kowa ba, ba za mu riƙe hannun kowa ba, zama kawai za mu yi. Sai ka nemo wanda zai ɗaga gudumar.

Wassalam.

Ni ce talakarka,
Falmata 'yar Jidda, Mafoni.